Gajimare da Ɗigon Haruffa: Yadda Yaran Wani Ajin Nazare a Katsina Suka Koyi Jera Sunayensu

Makarantar da abin ya faru ƙarama ce, mai zaman kanta, a wata unguwa da ke wajen ganuwar Katsina. Iyayen yaran akasari 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu da ƙananan ma'aikata. Ajin da ake magana a kai shi ne na ƙarshe a sashen nazare, yara 'yan shekara 4 zuwa 5, masu shirin shiga aji ɗaya na firamare. Ni ke kula da sashen, kuma na bi aikin tun daga yankan kwali har ranar da aka ba da hutu. Sunayen yaran da za a ci karo da su a nan na musanya su da masu irin haruffansu da irin tsawonsu.

A farkon zango na uku malamar ajin ta raba takardu ta ce kowa ya rubuta sunansa ba tare da kallon allo ba. Abin da ya dawo ya tayar mana da hankali. Yaran nan suna rera A B C daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma waɗanda suka rubuta sunansu cikakke 'yan ƙalilan ne. Wasu sun yi harafin farko suka bi shi da zane-zane. Wasu sun kawo haruffan duka amma a hargitse. Da aka zube littattafansu a tabarma aka ce kowa ya ɗauki nasa, da launin bango suka gane, ko da yagewar da ke kusurwa. Aka rufe bangon aka bar suna kaɗai a fili, sai aka yi ta ɗaukar na juna.

Ba rashin koyarwa ba ne. Zango biyu suka yi suna bin ɗige-ɗige: malama ta ɗiɗɗiga sunan yaro da jan biro, shi kuma ya bi sawu da fensir, layi bayan layi. Wannan aiki yana ƙarfafa hannu, ban raina shi ba. Sai dai ba ya tambayar yaro komai. An riga an yanke masa abin da ke bin wane, nasa bi ne kawai, yana iya cika shafi guda hankalinsa na kan ƙosan da ke cikin jakarsa.

Dalilin da ya sa muka nace a kan suna

A 1998 Rebecca Treiman da Victor Broderick sun buga binciken da suka yi a kan ƙananan yara a Amurka da Ostareliya, inda suka ga yaro ya fi saurin sanin harafin da sunansa ya fara da shi a kan sauran haruffa. Duk wanda ya zauna da yara ya ga wannan ko bai karanta binciken ba. Musa zai hangi M a jikin allon talla ya ja hannun uwarsa ya ce ga nawa can. Suna shi ne kalmar farko da yaro yake jin mallakarsa ce, kuma ta nan sauran haruffa ke samun ƙofar shiga.

Akwai wani dalilin da ya shafe mu nan gida. Manufar ilimi ta ƙasa, a bugunta na 1977, ta tanadi a koyar da yaran nazare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu. Makarantu masu zaman kansu da yawa ba su bi ba, domin iyaye Turanci suke son ji a bakin yaro in ya dawo gida. Tamu ma ba ta tsira daga wannan ba. To amma sunan yaro ba ya shiga Turanci. Duk yadda aka yi, Hauwa'u tana nan Hauwa'u, da hamzarta, kuma dole wani ya koya mata rubuta ta.

Aikin kansa

Dabarar ba tamu ba ce. A makarantun renon yara na Amurka da Ingila an saba yin ta a watan Afrilu, lokacin da suke yawan samun ruwa. Ana yanka siffar gajimare a kwali, a manna masa auduga, a rataya ɗigon ruwa na takarda a ƙarƙashinsa, kowane ɗigo ɗauke da harafi ɗaya na sunan yaro. Malamar ta ga hotonsa ta kawo mini a watan Afrilun, mu kuwa a Katsina lokacin bazara ce tsagwaronta, sama wayam, sai zafi. Muka yanke shawarar a jira Yuni. Yaro ɗan shekara 4 daminar da zai iya tunawa ba ta da yawa, gara ya ga abin a sama kafin a ba shi a takarda.

Da hadari ya fara tasowa, malama ta riƙa fita da su kowace safiya su dubi gabas, tunda a ƙasarmu daga can yake haɗowa. Suna faɗin abin da suka gani: yau gajimare ne kawai, yau hadari ne, jiya da dare an yi walƙiya da tsawa, shekaranjiya iska ce ta zo da ƙura ruwan bai sauka ba. Ranar da ta ɗaga samfurin da ta yi da farar auduga tas, wani yaro ya ce, "Anti, wannan ba zai yi ruwa ba, fari ne." Gaskiyarsa. Aka daka gawayi, kowa ya shafa wa gajimarensa a ƙasa-ƙasa har ya yi duhun hadari. Rigunan makaranta sun sha baƙi a ranar, iyaye mata sun yi magana, amma daga nan yaran suka ɗauki abin nasu.

Kayan aikin duk na unguwa ne. Kwalayen taliya da na sabulu daga mai shago, audugar rimi daga tsofaffin matasan kai, zaren saƙa, farar takarda mai kauri da yara suka rina da bula ta wanki. Da farko da kokon rogo aka yi manni, amma danshin damina ya sa shi fumfuna, kyankyasai kuma suka samu abinci, sai aka koma jiƙaƙƙen ƙaro. Almakashi da basilla a hannun manya suka tsaya. Malama ce ta rubuta haruffan da baƙar maka, na farko babba, sauran ƙanana, sannan ta bi kowanne da ƙaro ta barbaɗa rairayi, yadda yatsa zai ji hanyar harafin. Wannan kuma aro ne daga Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a Rum a 1907 kuma ta riƙa ba yara haruffa masu kaushi su shafa kafin su riƙe alƙalami.

Abu ɗaya muka canza wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin. Ba a ɗaure ɗigon dindindin ba. A ƙarshen kowane zare an sa ɗan maƙalin da ake kama shanya da shi, ɗigo yana cirewa yana komawa. Da an manne su sau ɗaya, da aikin ya ƙare a ranar da aka yi shi, ya zama adon bango. Da yake suna cirewa, kullum sai yaro ya sake yanke wa kansa wane harafi ne ke gaba.

Kafin a yanka ɗigo ko ɗaya kuwa sai da muka tsaya a kan tambayoyin da hoton da malama ta gani bai amsa ba, domin ba a yi shi da yaran Hausawa a zuciya ba.

Wane suna ne nasa?

Ɗan Bahaushe ba kasafai yake da suna ɗaya ba. Akwai na yanka da aka raɗa masa ranar bakwai, akwai wanda ake kiransa da shi a gida. In an yi wa kaka takwara, alkunya ta hana iyaye faɗin sunan, sai yaro ya tashi Abba ko Baba ko Halifa, yarinya ta tashi Ummi ko Mama ko Nana ko Walida. A ajin nan akwai Ummi fiye da ɗaya. Rajista kuwa sunan yanka ta sani.

Wata yarinya da rajista ta ce Hauwa'u, da aka miƙa mata ɗigoginta aka karanta mata, sai ta ture su ta harɗe hannu. "Wannan ba nawa ba ne, ni Ummi ce." Ba taurin kai ba ne, a iya saninta gaskiya ta faɗa. Da safe in an kira rajista takan amsa ne don ta ga malama na kallonta. Da mahaifiyar ta zo ɗaukarta, malama ta roƙe ta ta riƙa maimaita mata sunan a gida. Matar ta sunkuyar da kai tana murmushi ta ce, "Malama, ai ni ba na iya kiran sunan nan. Sunan surukata ne, mahaifiyar babansu."

Malama ta ce, "To Maman Ummi, Hajiyar tana gidan?"

Tana gidan. Aka yi wa yarinyar gajimare biyu. Na farko Ummi, ɗigo huɗu, ta ƙware a kansa da wuri domin nata ne tun asali. Na biyu aka ba ta ta kai wa kakar. Tsohuwar ba ta yi boko ba, amma ita ce mai sunan, ba ta da kunyar faɗinsa, kuma dama tsakanin kaka da jika wasa ne. Ta riƙa zaunar da ita tana cewa, "Zo nan takwara, nuna mini inda aka rubuta ni." Kafin ƙarshen Yuni yarinyar tana jera Hauwa'u tana faɗa wa sauran yara cewa ita da Hajiya suna ɗaya gare su.

Daga nan muka tsayar da ƙa'ida: a fara da sunan da yaro ke amsawa, sannan a kai shi ga na yanka kafin ya bar nazare. Na san malaman da ke ganin wannan ɓata lokaci ne, a kama na rajista kawai. Ban yarda ba. Duk amfanin dabarar yana cikin yaro ya ji kalmar tasa ce. In aka ba shi sunan da bai taɓa amsawa ba, daidai yake da a ba shi kowace kalma daga littafi.

Wani abin da ya faranta mini rai a gefe guda: da aka ce yara su tambayo a gida ko a wane lokaci aka haife su, damina ko rani, wata ta dawo da labarin cewa sunan kakar babanta Marka. Malama ta samu hanyar gaya musu cewa mutanen da sukan sa wa yaro suna da yanayin da ya zo a ciki, Anaruwa ga wanda aka haifa ruwa na sauka, Marka ga wadda ta zo a tsakiyar ruwan Agusta, Nomau ga na lokacin noma. Yanayi da suna sun daɗe tare a wurinmu.

Wane rubutu za a bi?

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma nan ne ya fi amfani. Da malama ta zauna rubuta haruffa sai ta ga yaro ɗaya yana da Muhammad a rajista, Mohammed a bangon littafi, Muhammadu a takardar biyan kuɗi. A'isha tana nan Aisha, tana can Aishat. Khadija da Hadiza sun cakuɗe. Wanne za a yanka?

Ga babba wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN kafin rajistar jarrabawa, kuma duk wanda sunansa ya bambanta tsakanin katin ɗan ƙasa da sakamakon WAEC ko NECO ya san zirga-zirgar rantsuwa a kotu da gyaran takardu. Yawancin wannan wahala tana farawa ne daga rajistar nazare, ranar da wani ya rubuta suna yadda ya ji a kunne. Saboda haka muka aika wa iyaye su kawo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda ba shi da ita, uba ya rubuto sunan da hannunsa yadda yake so ya tabbata, mu kuma muka ƙarfafa masa ya je ya yi takardar da wannan rubutun. Abin da takarda ta ce shi ɗigo ya ɗauka.

Sai maganar ƙugiya. A ajin akwai Dauda akwai Ɗahiru, kuma takardar Ɗahiru ta ce Dahiru, kamar yadda aka saba, domin injin da ya buga ba shi da harafin. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin ofishin talifi a Zariya, amma har yau takardun hukuma ba su karɓe su ba. A nan muka ɗan kauce wa takarda, muka ba Ɗahiru ƙugiyarsa. Yaron yana jin bambancin a bakinsa. In aka ba shi harafi ɗaya da na Dauda aka ce sautinsu ɗaya, an koya masa kada ya yarda da kunnensa, alhali kunnen ne zai yi karatu da shi. Mun yi wa mahaifinsa bayani cewa ƙugiyar ba ta saɓa wa takarda ba, ranar cika fom zai sauke ta. Yaran biyu da suka fara jayayya a kan wa ke da harafin, sai ga Ɗahiru yana nuna wa kowa cewa nasa mai ƙugiya ne.

Baƙaƙe masu goyo, irin sh da ts, ɗigo ɗaya muka ba su, domin sauti ɗaya ne. Shamsiyya ta samu ɗigo takwas, na farkon yana ɗauke da Sh. Amma ga Ishaq, wanda takardarsa ta zo da rubutun haka. Da malama ta ba shi sh a haɗe da ya karanta sunansa ba daidai ba, tunda a baki s daban take h daban, shi ya sa ma a ƙa'idar Hausa ake raba su a rubuta Is'haƙ. Aka ba shi s da h a ɗigo biyu. Harafin q kuwa, wanda babu shi a abacadan Hausa, malama ta ce musu baƙo ne ya zo tare da sunan.

Hamza ta samu nata ɗan ƙaramin ɗigo, rabin girman sauran. Yaran ne da kansu suka sa masa suna yayyafi. Sa'adatu da Hauwa'u da Shu'aibu suka zama masu yayyafi a sunansu, kuma ban ga ko ɗaya daga cikinsu ya manta da ita ba, alhali manya da yawa suna tsallake ta.

Shu'aibun nan yana da takwara a ajin, yaron da iyayensa suka zo daga Maraɗi. A baki sunansu ɗaya. A takardar haihuwar Nijar kuwa, inda ake rubuta sunaye da ƙa'idar Faransanci, nasa Chaïbou ne. Mahaifinsa ya ce a bar shi haka, domin da wannan rubutun duk takardun gidansu suke. Aka ba shi Ch a ɗigo ɗaya, ou a ɗigo ɗaya, ya tashi da ɗigo biyar, takwaransa na da bakwai. Yaran sun daɗe suna kai da komo tsakanin gajimaren biyu suna mamaki. Malama ba ta tsawaita ba, ta ce musu suna ɗaya ne, can da yadda suke rubutawa, nan da yadda muke rubutawa.

Daga wane gefe ake farawa?

Ranar farko da aka ce su jera da kansu, yara da dama sun jera sunansu daidai, harafi bayan harafi ba kuskure, amma daga dama zuwa hagu. Kusan dukansu suna zuwa Islamiyya da yamma ko makarantar allo da asuba, wasu har sun fara babbaƙu. Hannunsu ya riga ya saba da farawa daga dama. Wata uwa ta tsorata da ta ga sunan 'yarta a juye, ta tambaya ko wata matsala ce a ƙwaƙwalwa. Ba matsala ba ce. Yarinya ce mai koyon rubutu biyu a lokaci guda, kuma ta riƙe ƙa'idar ɗaya da kyau.

Na roƙi malama kada ta ce wa yaro ya yi ba daidai ba, domin abin da malaminsa na allo ya koya masa daidai ne a wurinsa. Aka yanka rana da takarda ruwan ɗorawa aka manna ta tana leƙowa ta gefen hagu na kowane gajimare. Aka kuma bambanta tsawon zaren: na kusa da rana shi ne mafi gajarta, kowane na gaba ya ɗan fi shi tsawo, haruffan suna saukowa kamar matakala. Maganar da aka riƙa maimaitawa ita ce, a allo daga dama, a boko daga wajen rana. Cikin 'yan makonni juyin ya ragu ƙwarai, ko da yake yakan dawo wa wasu in sun koma fensir, inda babu ranar da za ta tuna musu. Ga waɗannan malama takan zana 'yar rana a kusurwar hagu ta shafin.

Siffar ɗigon ma ta yi wani amfani da ba mu zata ba. Katin harafi mai kusurwa huɗu yaro yana iya kifa shi, n ta koma u. Ɗigon ruwa kuwa tsininsa a sama yake, kowane yaro ya san haka, sai harafin ya tsaya da ƙafarsa.

Sauti muka riƙa kira, ba sunan harafi na Turanci ba. Waƙar A B C ta koya musu cewa a "ei" ce, i kuma "ai" ce, e ita ce "i". Ka ce wa Idris ya nemo "i" sai ya ɗauko e. Saboda haka a wannan darasi a tana nan a, i tana nan i, a haɗa baƙi da wasali a samu gaɓa. Ita ce hanyar da shirin RANA na koyar da karatu da Hausa ya bi a ƙananan azuzuwan firamare na Katsina da Zamfara, kuma ta dace da harshen, tunda Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Gaɓar ce ta ceci Abdurrahman, mai haruffa 11. Aka tafa masa sunan, Ab, dur, rah, man, aka rina kowace gaɓa da nata zurfin shuɗi, ya zama abu huɗu zai riƙe. Ali kuwa ya gama nasa tun ranar farko ya fara tsokanar maƙwabta, sai aka ƙara masa gajimare na biyu da sunan mahaifinsa.

Yadda aka riƙa yi kullum

Minti goma ne da safe bayan kallon gabas. Malama ta buga tebur a matsayin tsawa, ta ce an yi ruwa, kowa ya ciccire ɗigoginsa ya zube a tabarma, sannan a ce ruwa ya koma sama. Da farko akwai katin suna a gaban kowa yana dubawa. Bayan kwanaki aka kife katin, sai wanda ya maƙale ya buɗe. Daga baya aka riƙa cakuɗa ɗigogin yara biyu wuri ɗaya kowa ya tsinci nasa, kuma nan ne surutu mai amfani ya ɓarke, wannan a ɗin tawa ce, a'a kina da biyu ni ina da ɗaya. Wani lokaci malama takan ɓoye ɗigo ɗaya a hannunta ta tambayi wanne ne bai sauko ba. Sai a ƙarshe aka koma rubutu, da yatsa a faifan rairayi tukuna, sannan fensir.

Abin da aka samu da abin da ba a samu ba

A makon ƙarshe na zangon aka maimaita gwajin farko. Mafi yawan yaran sun jera sunansu ba kati, daga hagu, kuma ba wanda ya ƙara ɗaukar littafin wani. Rubutu da fensir ya biyo baya a hankali: da yawa sun rubuta cikakke, wasu haruffan suna nan a jere amma s ko a ta juya baya, abin da ba ya ba ni tsoro a wannan shekaru.

Abin da ya fi burge ni bai shiga takardar gwaji ba. Amina da Aminu suna zaune kusa da juna. Wata safiya Amina ta tsaya tana kallon gajimaren biyu, ta bi su da yatsa, ta ce, "Anti, namu duk ɗaya ne, na ƙarshe ne kawai ba ɗaya ba." Malama ta cire a ta ƙarshe ta maƙala u ta ce yanzu fa? Yarinyar ta ce yanzu ta zama Aminu, ajin ya fashe da dariya. Nan take aka gwada Jamila da Jamilu. Yaran da suka gane cewa canza ɗigo ɗaya yana canza wanda ake kira sun taka matakin farko na karatu, kuma ɗige-ɗigen zango biyu ba su kai su nan ba.

Dabarar tana da iyaka, kuma ya kamata wanda zai ɗauka ya sani. Jera suna ba karatu ba ne. Akwai yaran da suka haddace siffar jerin kawai. Da aka rubuta musu sunan da manyan baƙaƙe zalla, ko da rubutun wani malami, sai suka yi shiru. Waɗannan suna bukatar a riƙa fitar da haruffan daga cikin sunan ana nuna musu su a wasu kalmomi. Damina kuma lokacin zazzaɓin cizon sauro ce, yaran da suka yi ta fashi sun rage a baya, domin aikin na maimaici ne. Akwai yaro ɗaya da bai motsa ba sam, kullum sai ya kai ɗigo dab da hancinsa kafin ya maƙala. Muka shawarci iyayensa su kai shi a duba idonsa. Kwafar allo daga nesa ta daɗe tana ɓoye wannan, ana ce masa mai wasa.

Kuɗin da aka kashe kaɗan ne, maƙalan shanya ne suka fi ci. Lokacin malama ne ya tafi, domin yanka da rubuta ɗigogin aji guda ya cinye mata ranakun hutun mako. A ajin gwamnati mai cunkoso mutum ɗaya ba zai iya ba, sai an sa 'yan aji biyar da shida su yi yankan, malami ya tsaya a kan rubutun haruffa, domin shi ne ba a wakiltawa.

Ranar hutu a watan Yuli kowane yaro ya tafi gida da gajimarensa. Jerin sunayen da iyaye suka tabbatar muka miƙa wa malamin aji ɗaya, daga shi za a kwafi sabuwar rajista, tare da sunayen yaran da ke bukatar ƙarin kulawa da abin da ya rage wa kowanne. Fom ɗin ɗaukar sababbin yara na watan Satumba kuma an ƙara masa layi biyu: sunan da ke takardar haihuwa harafi da harafi, da sunan da ake kiran yaro da shi a gida.